Takalmi a Ɗakin Malam

Da asuba ciwon yake kama Sabuwa. Tana kwance lafiya lau, amma da ta sauko da ƙafar dama ta taka siminti, sai ta ji kamar an kafa mata ƙusa a dunduniya. Takan riƙe ƙarfen gado ta cije leɓe har numfashinta ya dawo, sannan ta bi bango da ɗingishi zuwa wurin buta. In ta ɗan zagaya tsakar gida sai abin ya lafa, ta hau dakan furar da take sayarwa kamar ba komai. In ta zauna ta huta ta miƙe, ya dawo sabo ful.

Ta shafa man kaɗanya, ta gasa da ruwan zafi, wanzami ya yi mata ƙaho, duk a banza. Ga shi kuma shekarar ba ta jinya ba ce. An yanke cewa za a rushe Zangon Wagadugu a yi sababbin gine-gine, kuma aiki ya riga ya kankama. Layin mahauta ya tafi, gidajen da ke bayan masallaci sun zama tarin ƙasa. Kullum ƙarar katafila ƙara matsowa take yi.

Mijinta Isiyaku direban babbar mota ne. Ya kama musu haya a unguwar Wemtenga, ya tafi Lome ɗauko kaya da niyyar dawowa su kwashe tare, sai motar ta lalace masa a hanya. Gidan ya rage daga Sabuwa sai autarta Shifa, mai aiki a wani shagon magani, sai surukinta Malam Kabo, mahaifin Isiyaku. Malam ya tsufa tukuf. Ido ya tafi, ƙafafu sun daina ɗaukarsa, amma kunnensa kamar na zomo, duk wanda ya gifta ƙofarsa ya san shi da takunsa. Shi ya gina gidan da ƙuruciyarsa, kuma ya faɗa a fili cewa ba zai fita daga ɗakinsa ba sai ɗansa ya dawo.

Shifa ce ta matsa wa uwarta har ta yarda ta hau bayan babur ɗinta suka je asibitin unguwa. Ma'aikaciyar da ta duba ta wata babbar mace ce, da yaren More na mutanen garin take magana. Ta ɗora ƙafar a cinyarta ta danna babban yatsa a gaban dunduniya, Sabuwa ta yi salati ta fizge.

Matar ta ce, "Nan ne. Akwai wata jijiya mai faɗi da ta taso daga dunduniya ta bi ƙarƙashin tafin ƙafa har yatsu, kamar tsirkiyar baka. Ita kika wahalar. Da dare takan ƙanƙance, in kin taka da safe ki fizge ta. Me kike sawa a gida?"

"A gida? Ba komai. In zan zaga bayi na sa silifa."

"To daga yau ƙafarki kada ta taɓa siminti ba takalmi, ko a cikin ɗaki. Kuma ba silifa ba. Ki nemi wanda in kin lanƙwasa shi ba zai naɗe biyu ba, mai ɗan tudu a dunduniya, mai ƙusumbi a tsakiya da zai tallafi ramin ƙafa, mai maɗauri ta baya. Ki ajiye shi gindin gado, shi za ki fara takawa."

Sabuwa ta ce to. A ranta kuwa cewa ta yi wannan baiwar Allah ba ta san gidan Malam Kabo ba.

Daga can suka wuce wurin Kalla, mai sayar da takalman gwanjo. Tun da babbar kasuwa ta ƙone ya dawo bakin titin Zango ya shimfiɗa buhuna, yanzu kuma shi ma yana ɗaure kayansa don tashi. Da ya ji abin da ya kawo su sai ya zaro wasu silifa masu kauri, ruwan hoda, laushi kamar burodi.

"Hajiya, taka wannan ki ji. Kamar kina tafiya a kan katifa."

Sabuwa ta taka ta lumshe ido don daɗi. "Wannan ya yi, Shifa. Mu tafi, rana na yi."

Shifa ta karɓa ta kama kai da gindi ta lanƙwasa, takalmin ya naɗe a hannunta kamar waina. "Mama, kin gani? Daɗin baki ne kawai. Kwana kaɗan zai kwanta, ki koma inda kika fito."

Kalla ya fito da na fita biki masu tsini, Shifa ta ture. Ya fito da kambas, Sabuwa ta ce ita da girmanta ba za ta yi yawo da takalmin 'yan ƙwallo a tsakar gida ba, ga alwala sau biyar. Ana cikin haka wani bango ya zube can bayan layi, ƙasa ta girgiza, dukansu suka waiwaya. Kalla ya yi tsaki a hankali ya tura hannu can ƙarƙashin buhu.

"Akwai wani, amma ba kyau gare shi ba. Ba wadda ta taɓa taya shi."

Gaskiya ya faɗa. Sandal ne ruwan ƙasa, mai faɗin baki, da maɗaurai biyu a sama da ɗaya ta baya, ya fi kama da na maza. Shifa ta lanƙwasa shi da ƙarfinta, ya ƙi, sai wajen yatsu kaɗai ya ɗan ba da kai. Ta shafa cikinsa ta ji kwarmi a wurin dunduniya da tudu a tsakiya.

Ta ce, "Yauwa! Shi ne wannan. Sa ki gani."

Da Sabuwa ta miƙe a kansa ba ta ji laushi ba, sai ta ji kamar wani ya sa tafin hannu ya tallabo mata ƙafa daga ƙasa. Ciwon na nan, amma ya ja baya. Ta yi taku zuwa bakin kwalbati ta dawo.

"Kai, amma mummuna ne," in ji ta.

"Miji za ki nema da shi?" in ji Shifa.

Suka saya. Sabuwa ta wanke shi da sabulu da toka har sau biyu, ta shanya, ta yi alkawari ba zai taɓa taka waje ba, na cikin gida ne kawai. A ɗakinta da madafi da gaban turmi ya yi mata rana. Matsalar ɗakin Malam ce. Ita ke kai masa ruwan alwala, ita ke kai abinci, ita ke juya masa shimfiɗa, shiga da fita ba iyaka. Tun da aka kawo ta gidan tana amarya ba ta taɓa tsallake dokin ƙofarsa da takalmi ba, ba ta taɓa gaishe shi a tsaye ba. Kowace shiga sai ta sunkuya ta kwance maɗaurai, ta taka simintin nan mai sanyi, ciwon ya tashi.

Wata safiya ƙafar ta tashi da zafi fiye da kullum, ga ta da tukunyar ruwan ɗumi a hannu. Ta tsaya bakin ƙofa ta ce a ranta, ai ba gani yake ba, kuma takalmin ya fi tafin ƙafarta tsabta. Ta yi sallama ta shiga a hankali.

Malam bai amsa sallamar ba. Ya karkata kai.

"Wane ne ya shigo mini da takalmi?"

Sabuwa ta daskare.

"Sabuwa, ke ce? To. Tun ba a rushe gidan ba har an fara taka shi."

Ta ja da baya ta tuɓe, ta dawo ta durƙusa ta ajiye ruwan, kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Shifa ta ce bari ta je ta yi wa kakanta bayani, Sabuwa ta hana ta da rantsuwa. Ina ita ina kai ƙarar ƙafarta gaban suruki, mutumin da nasa ƙafafun suka mutu gaba ɗaya?

Ranar tashi ta zo Isiyaku bai dawo ba. Ya yi waya ya ce su kwashe kawai, abokinsa Salifu zai zo da mota da safe, shi zai lallashi tsoho. Hantsi ya yi, ba Salifu ba labarinsa. Kaya na ɗaure a tsakar gida, katafila na aiki a ƙarshen layinsu, kwanonin da ke cikin buhu sai kaɗawa suke yi da kansu. Shifa ta hau babur ta tafi nemansa a tasha.

A gidan maƙwabcinsu Sada kuwa, tun sassafe ma'aikata ke kan rufi suna ɓamɓare kwano da azara, domin duk abin da mutum bai cire ba ƙarƙashin ƙasa zai tafi. Bango ɗaya ne tsakanin gidan Sada da ɗakin Malam, tsohon ginin laka, kuma daminar da ta wuce ta jiƙa shi sosai.

Sabuwa na ɗaure bakin buhun gero ta ji wani sauti daga ɗakin Malam, ƙas, kamar an karya busasshen itace. Ta nufi ƙofar. Hannunta da kansa ya sauka ya kwance maɗauran takalmi, ta shiga.

Ƙura ce ta fara tarar ta. Sannan ta ga tsagar. Ta taso daga rufi ta gangaro har saitin kan gadon Malam, kuma ta cikinta ana hango hasken rana na gidan Sada. Ƙasa na zubowa siri-siri a kan bargonsa.

Ta kafa baki a tsagar ta ƙwala kira. "Sada! Ku dakata! Akwai mutum a nan!" Ta sake faɗa da yaren More. Ƙarar katafila da bugun guduma suka haɗiye muryarta.

Ta durƙusa gaban gadon. "Baba, bango ya tsage. Ku yi haƙuri mu fita tsakar gida."

"Bangon nan da hannuna na ɗora shi. Ya ga damina fiye da shekarunki. Na ce sai Isiyaku ya zo."

"Baba, ina ganin gidan Sada ta cikinsa."

Kafin ya amsa wani ɓangare ya ɓallo daga sama, ya faɗo kan butarsa ta ƙarfe ya lotsa ta, ruwa ya fantsamo masa a ƙafa. Malam ya ɗaga fuska sama, bakinsa na motsi. Da ya yi magana muryarsa ta sauka.

"Kirawo maza."

Ta auna a ranta. Kafin ta ja wannan ƙafa ta fita zaure, ta zagaya ƙofar Sada, ta sa su sauko daga rufi, an daɗe. Aka sake buga guduma ta can, tsagar ta ƙara buɗewa tana kallo.

"Ba lokaci, Baba. Ku gafarce ni."

Ta zura hannuwa ƙarƙashin hamatarsa ta ɗaga. Bai da nauyi sosai, amma da nauyin ya sauka a ƙafar dama, dunduniyarta ta hau kan wani ɗan dutse da ya faɗo daga bango. Wani farin haske ya gifta mata a ido. Ƙafar ta ƙi, gwiwa ta lanƙwashe, ta zube ƙasa, Malam ya koma bakin gado da ƙarfi har ya yi nishi. Ta yunƙura ta sake taka ƙafar, ta ji kamar garwashi. Ɗakin duk ya cika da ɓaraguzai da tsakuwa, ba inda za ta sa ƙafa.

Sai ta juya ta rarrafa zuwa ƙofa.

Tana zaune a dokin ƙofa tana kokawa da maɗauri, ƙarfen ya ƙi shiga rami, ta ji muryarsa a bayanta. Ba ta taɓa jin irinta a bakinsa ba.

"Sabuwa? Tafiya kika yi?"

"Ina nan, Baba. Ba inda za ni."

Ta ja maɗaurin baya ta ɗaure tam. Ta miƙe ta shiga, takalmin na murƙushe tsakuwa ƙaras-ƙaras, ta san yana ji. Ta cire mayafinta, ta juya masa baya ta tsuguna a bakin gadon.

"Ku kama wuyana."

"A'uzu billahi. Matar ɗana ta goya ni?"

"Yau 'yarku ce. Ku kama, don Allah don Annabi."

Ƙasa ta zubo musu a ka. Ta ji hannuwansa busassu sun lalubo kafaɗarta, sun zagayo wuyanta. Ta yafa mayafin ta bayansa ta ɗaure a ƙirji yadda ta goyi 'ya'yanta, ta dafa gwiwa ta ce bismillahi ta miƙe. Ciwon ya soke ta har ƙwaƙwalwa, amma ƙafar ta tsaya.

"Gafakata," in ji shi a kunnenta. "Alƙur'anina."

Gafakar na rataye a ƙusa, a jikin bangon da ya tsage. Ta dube ta, ta dubi ƙofa. Ta matsa gefe, ta miƙa hannu iya tsawonsa ta fizgo ta, ƙusar ta biyo ta da dunƙulen laka. Ba ta sake waiwaye ba. Ta tsallake dokin ƙofa tana karkata, ta ratsa tsakanin ƙullin kaya, har gindin darbejiyar da ke can ƙarshen tsakar gida, ta sauke shi a kan buhun gero ta jingina shi da itacen. Ta sa masa gafakar a cinya.

Sannan ta ja ƙafa ta fita zaure tana ihu. Wata mai tallan lemo ce ta ji ta, ta ruga gidan Sada. Gudumar ta tsaya. Sada ya shigo a guje da ma'aikata biyu ɗauke da azara za su tokare bangon, amma suna isa bakin ƙofar rabinsa na sama ya kwanto ciki gaba ɗaya. Ƙura ta turnuƙe gidan. Da ta lafa, ƙafar gadon guda ɗaya kawai ake gani.

Sada ya ɗora hannu a ka yana salati. Ya zo ya tsuguna gaban Malam yana rantsuwa cewa ya ɗauka tun jiya aka kwashe shi. Malam ya ce masa ba komai, Allah ya tsare gaba. Ya rungume gafakarsa. Sabuwa ta zauna a ƙasa nesa da shi kaɗan, ta juya masa gefe. Sai a lokacin ta lura kanta ba mayafi, ta jawo wani zane daga cikin kaya ta rufa.

Bayan azahar Shifa ta iso da Salifu, ashe tayarsa ce ta fashe. Da Shifa ta ga ɗakin kakanta ta saki babur ɗin ya faɗi. Maza suka loda kaya, suka ɗauki Malam suka sa shi gaban mota. Har suka bar Zango bai tambayi komai ba, bai ce a tsaya ba.

Gidan Wemtenga ƙarami ne, ɗakuna biyu da rumfa. Aka shimfiɗa wa Malam katifa a ƙasa. Da la'asar Sabuwa ta dama fura, ta zo bakin ƙofarsa ta tuɓe takalmi, ta shiga tana dafa bango. Shifa na ciki tana gyara masa matashi.

Malam ya juya wajen jikarsa, wadda yake tsokana da sunan amarya. "Amarya, me ya sami ƙafar uwarki? Ɗazu na ji kowane taku sai ta karkata hagu."

Sabuwa ta harari 'yarta, amma Shifa ta kau da kai ta kwashe labari duka ta faɗa masa, da asibiti, da jijiya, da abin da aka ce game da siminti.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin damina, Kaka."

Ya murza bakin bargo. "Gida cike da mutane, a rasa mai gaya mini." Ya saki bargon. "Ce mata ta koma ta sa abinta. In magani ne, ai ba a tuɓe magani a bakin ƙofa."

Sabuwa na durƙushe a gabansa, amma sai da Shifa ta juyo ta maimaita mata, tana danne dariya. Ta ce, "Na gode, Baba," ta fita ta ɗaura, ta dawo ta ba shi furar. Ya sha kaɗan ya ajiye, ya ce a nuna masa gabas, don a wannan ɗaki bai san inda ya dosa ba. Su biyu suka kama shi suka juya shi.

Isiyaku ya dawo bayan mako, ya fara zuwa Zango ya tarar da fili, ko darbejiyar babu. Ƙafar Sabuwa kuwa ba ta warke da wuri ba. Wahalar ranar nan ta sa ta kumbura, ta yi kwanaki ba ta daka fura ba, kuma sai da aka shiga bazara kafin ta iya tashi da asuba ba tare da ta nemi abin dafawa ba. Malam bai taɓa tayar da zancen goyon ba, ita ma haka. Da Isiyaku ya tambaye shi yadda aka yi ya fita daga ɗakin, cewa ya yi, "Allah ne ya fitar da ni. Ka je ka tambayi matarka ko tana bukatar wani abu daga kasuwa."